Saƙa Tana Hannunmu, Ba Ta Kan Takarda

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, iskar hunturu ta taso daga arewa ta rufe Tawa da hazo, kasuwar masu saƙa ta buɗe ke nan. Hular jarirai, safa, ƴar rigar sanyi, mayafin goyo mai geza, duk a ɗan tsakanin nan ake rububinsu, domin kafin ƙarshen Fabrairu zafi ya fara leƙowa, kowa ta naɗe ulunta ta ajiye sai baɗi. Wata uku ne kacal, amma a cikinsu mace mai kwarashi tana iya haɗa kuɗin kayan lakwal na ƴaƴanta, ko ta zuba adashinta ba tare da jiran saƙon maigida daga Abijan ko Libiya ba. Sai dai duk wanda ya tsaya gaban tiren huluna a kasuwa ya duba da kyau zai lura da wani abu. Hula goma, hannu ɗaya ya saƙa su, zare iri ɗaya, amma da wuya a sami uku da suka zo daidai wa daida. Wannan ta matse, waccan ta yi yawa har tana rufe wa jariri ido, wata kuma tsakarta ta tattare ta yi tudu.

Ina koyar da saƙa da ɗinki a wata cibiyar mata a nan Tawa, kuma ban yarda cewa hannun matanmu ne ya gaza ba. Hanyar da muke miƙa sana'ar ce take da giɓi. Ba mu da rubutaccen tsari da Hausa wanda mace za ta ɗora a cinyarta ta bi shi tun daga idon farko, wato madaukin zaren da ake fara ɗorawa a tsinke, har ta yanke zare, babu kowa a gefenta. Ra'ayina shi ne rubuta irin wannan takarda sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idojinta, kuma ya kamata cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin masu aikin hannu da hukumomin da ke kula da su su ba ta muhimmancin da suke ba keken ɗinki da takardar shaida.

Yadda ake koyo yanzu kowa ya sani. Yarinya ta zauna kusa da malama, ta zuba wa yatsu ido, ta kwaikwaya, a warware mata inda ta ɓata, ta sake. Hanya ce mai kyau, ni ma da ita na koya, kuma babu takardar da za ta maye gurbinta a watannin farko. Bayan yaye ɗaliba ne matsalar take fitowa. An yi walima, an ba ta takardar shaida, wataƙila har da keke idan an dace da mai tallafi, sai aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Keita ko Buza. Damina ta wuce, sanyi ya kama, ta ɗauko kwarashinta. Farawa ba ta gagare ta ba, jikin hula ma ya tafi daidai, amma da ta zo rage ido don rufe tsaka sai lissafin ya kuɓuce mata. Wa za ta tambaya? Malama tana birni, a ƙauyen kuma ita ce wadda ta fi kowa sani. Da yawa daga nan suke jingine sana'ar, ba don ƙiwa ba. Layi huɗu ne suka manta, kuma babu inda aka rubuta su.

Takardu kam akwai, amma ba namu ba ne. Shafukan tsofaffin mujallun Faransa ne da aka yi ta bugawa a injin fotokofi har baƙin ya dusashe. An cika su da guntayen kalmomi, harafi ɗaya ko biyu da ɗigo, waɗanda ko mai digirin Faransanci ba zai gane ba idan bai taɓa riƙe tsinken saƙa ba. Suna ambaton zaren wani kamfani da ba a taɓa gani a kasuwar Tawa ba, ba su kuma faɗi kaurinsa ba. Masu babbar waya suna sauko da na Ingilishi daga intanet, can ma akwai rami: a aikin kwarashi, sunan da Amurkawa ke kiran doguwar saƙa da shi, da shi mutanen Ingila ke kiran gajeruwa. Idan takarda ba ta faɗi ƙasar da ta fito ba, riga na iya fitowa kusan ninki biyu na tsawon da ake so, ko rabinsa, mai saƙar kuma ta ɗora wa kanta laifi.

Na sha jin ana cewa ai mu ba mu gaji tsara aiki kafin a yi shi ba, da ka muke yi. Wannan magana ba ta san tarihinmu ba. Babbar riga mai aska takwas ko aska biyu, kafin allura ta taɓa ta, akwai wanda ke zama da alƙalami da tawada ya zana aikin a jikin yadin, galibi malami ne da hannunsa ya saba da rubutu da zayyana, sannan a miƙa wa masu ɗinki su bi zane. Mai zane daban, mai ɗinki daban, kowa da ladansa. Lifidin da ake sa wa dawaki a Damagaram da Doso ranar hawa, ƙyalle ne sama da ƙasa, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya zame, a ƙawata da yanka-yankan launi. Ainihin aikin ke nan da Turawa ke yi wa bargunansu suna buga littattafai a kai. Masaƙan tera-tera, irin waɗanda ake gani a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, siriri-siriri suke saƙa bargon sannan a jera a ɗinke, kuma dole adon kowane siriri ya faɗa daidai da na kusa da shi. Wannan ba ya yiwuwa sai da ƙirga mai tsanani. Lissafin yana nan, a ka yake zaune, yana bin gida daga uba zuwa ɗa. Saƙar tsinke da ta kwarashi kuwa baƙi ne, a zamanin Turawa suka shigo mana, ba su da gidan gado da zai riƙe musu lissafi. Shi ya sa suka fi sauran buƙatar takarda.

To wace takarda ce mai kyau? Zan daɗe a kan abu ɗaya, domin shi aka fi tsallakewa kuma shi ke ɓata hulunan nan na kan tire: awon hannu. Kowace mace da yadda take jan zare. Wata tana matsewa, wata tana sakewa, mace ɗaya ma saƙarta ta safe da ta dare bayan gajiya ba ɗaya ba ce. Saboda haka takardar da ta ce "ɗora ido 72" ta yi shiru, rabin magana ta faɗa. Kamata ya yi ta ce: kafin ki fara, saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, shimfiɗa shi kada ki ja, ɗora mitar tela a kai, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Idan 22 ne, ido 72 za su ba ki zagaye na kusan santimita 33, wanda zai zauna daram a kan jaririn da ya cika watanninsa, tunda kansa yakan kai santimita 34 zuwa 35, saƙa kuma tana ɗan miƙewa. Idan hannunki ya ba da 18, waɗannan ido 72 ɗin santimita 40 za su ba ki, wato hular yaron da ya haura wata uku. Bambancin ido 4 a ɗan gwaji ya zama santimita 7 a kan jariri ɗan kwana biyu, kuma ta wannan ratar sanyi ke shiga. Takarda ta kuma faɗi magani: idan idon bai kai adadi ba, ɗauki tsinke mafi siriri, idan ya wuce, ɗauki mafi kauri. Kaurin tsinken a faɗe shi da milimita, 3 ko 3 da rabi ko 4, domin lambobin da ake bugawa a jiki suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Zare ma haka. A Amurka sun raba kaurin zare aji-aji, daga 0 zuwa 7, ana bugawa a jikin takardar ƙunshin. Mu kuwa zarenmu yakan zo babu takarda, wani ma rigar sanyi ce ta gwanjo aka warware aka wanke aka naɗe. Takardar da aka rubuta dominmu dole ta san da wannan. Sai ta ce: naɗa zaren a jikin fensir, naɗi kusa da naɗi ba tare da matsewa ba, ki ƙirga nawa ne suka cika santimita 2, ga adadin da ake so. Macen da ke Abalak da wadda ke Madawa za su iya gwada zarensu da wannan ko ba su taɓa jin sunan kamfani ba. Ta kuma gargaɗe ta cewa yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, dutsen guga mai zafi yana kashe shi ya saki jiki har abada. Tsofaffinmu da taƙi da kamu suke awo, ban raina wannan ba, amma taƙina ba taƙinki ba ne. A buga ma'aunin santimita 10 a gefen shafi, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa a gwada shi da mitar tela, saboda masu fotokofi sukan rage girman shafi.

Sai jerin magana. Rubuta tsari kamar yi wa baƙo kwatancen gida ne: ɗan unguwa zai ce "ka wuce masallaci ka karya", ya manta masallatai uku ne a hanyar, domin shi ƙafarsa ta riga ta san wanda yake nufi. Gwanar saƙa ita ce ta fi kowa tsallake mataki, saboda yatsunta suna yin abin tun kafin bakinta ya faɗa. Maganin wannan shi ne kowane layi na saƙa ya sami layinsa a takarda, da lambarsa, aiki ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a faɗi ido nawa ya kamata su rage. Misali: "Zagayen ragi na 1: saƙa ido 7, haɗa 2 su zama 1. Yi haka sau 8. Ido 64 suka rage. Zagaye na 2: saƙa duka, babu ragi. Zagaye na 3: saƙa ido 6, haɗa 2 su zama 1, sau 8. Ido 56 suka rage." Wannan adadi na ƙarshe shi ne malamar da ba ta nan. Mace ta ƙirga ta ga 57, ta san a zagayen nan ne ta kauce, ba sai ta warware hula gaba ɗaya ba. Kalmomin da na fi tsoro a takardar saƙa su ne "ci gaba haka nan" da "har ya yi daidai". Haka nan ɗin yaya? Daidai da me? A faɗi santimita, a faɗi zagaye.

Zane ya zo tare da rubutu, kada ɗaya ya tafi ya bar ɗaya. A Japan hukumar daidaita ma'aunin masana'antu ta tsayar da alama ɗaya ga kowane irin ido na saƙa, shi ya sa mace a Brazil ko Rasha take sayen littafin saƙar Japan ta yi aiki da shi ba ta san harafi ɗaya na harshensu ba. Alamomin kwarashi ma kusan duniya ta haɗu a kansu: ɗan ƙwai shi ne sarƙa, ɗan gicciye gajeruwar saƙa, doguwar sanda mai hula da karan tsaye doguwar saƙa. Ba sai mun ƙirƙiro namu ba, mu ɗauka mu sa musu fassara a gefen kowane shafi. Zanen saƙar tsinke daga ƙasa ake karanta shi, layin farko daga dama zuwa hagu, abin da ke rikita ƴan boko amma ba ya ba wadda ta yi makarantar allo wahala. Akwai tarko biyu da mai zane ya kamata ta sani. Idon saƙa ya fi faɗi a kan tsawo, inda ido 22 suka cika santimita 10 a kwance, sai layi wajen 30 kafin su cika shi a tsaye, don haka tauraron da aka zana a kayen lissafi mai gida-gida zai fito a daɓe idan an saƙa. Na biyu, fotokofi ba ya ganin launi. Ja da kore duk toka-toka suke fitowa, sai a ba kowane launi alamarsa, ɗigo ko gicciye ko gida fari.

Ɗaya gefen maganar shi ne haɗin ƙyalle, kuma a nan asarar da muke yi ta fi ba ni takaici. Bi layin teloli a Tawa ko a Wadata ta Yamai ana saura mako ɗaya Salla, ka ga guntayen atamfa da shadda da ake sharewa. Wasu a cusa a matashin kai, mafi yawa a zuba a bola ko a cinna musu wuta. A Senegal, mabiya Shehu Ibra Fal sun mayar da rigar haɗe-haɗe alamar ɗariƙarsu, yau teloli a Dakar suna sayar wa baƙi irinta. A Amurka, matan wani ƙauyen baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suke haɗa barguna saboda sanyi, a 2002 aka rataye aikinsu a manyan gidajen zane na Houston da New York. Mu da muke da launukan atamfa da idon haɗa su, me ya hana? Ƴan matan da na gani sun gwada, ba ado ne ke kayar da su ba, bakin ɗinki ne.

Ga yadda abin yake. Bargo mai faɗin santimita 120 da tsawon 180, idan da murabba'i mai santimita 10 za a haɗa shi, yanka 216 ake buƙata, 12 a faɗi 18 a tsawo. Amma ba 10 za a yanka ba, 11 da rabi ne, domin kowane gefe zai ba ɗinki milimita 7 da rabi. Takardar da ba ta bambanta awon yanka da awon gamawa ba ta riga ta lalata aikin tun kafin almakashi ya sauka. Yanzu a ce mai ɗinki ta zarce da milimita 2 kawai a kowane ɗinki. Ƙyalle biyu ne ke shiga ɗinkin, don haka milimita 4 ke tafiya. A jeri mai yanka 18 akwai ɗinki 17, an tashi da kusan santimita 7. Jerin da ta yi da safe da wanda ƙanwarta ta taya ta da yamma ba za su taɓa haɗa kusurwa ba. Layi ɗaya ne a takarda ke hana wannan: "manna tef a farantin keke, milimita 7 da rabi daga allura, ki riƙa jingina bakin ƙyalle da shi." A ƙara mata cewa ta wanke guntayen kafin yanka, saboda auduga tana tsukewa wani rinin kuma yana zuba, ta bi tsayin zaren yadi idan tana yanka, domin yankan karkace yana miƙewa, ta kwantar da bakin ɗinkin jeri ɗaya dama na gaba hagu don su sarƙe. Idan za ta sa ciko, a faɗa mata ta fara ɗinkin daga tsakiya zuwa gefe. Masu lifidi sun san wannan tun kaka da kakanni, ɗalibata ce ba wanda ya rubuta mata.

Duk wannan bai isa ba sai an gwada takardar, kuma ba a hannun gwana ba. A ba wadda ba ta taɓa yin abin ba, mai rubutun ta zauna gefe ta kame bakinta, duk inda hannu ya tsaya ta sa alama. Wata abokiyar aikina ta rubuta tsarin safar jariri, muka ba wata dattijuwa da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci. Tana tafiya lafiya har ta kai diddige, sai ta ɗago kai.

"Malama, nan an ce in juya. In juya mi? Aikin ko zaren?"

"Aikin za ki juya, Inna, bayansa ya dubo ki."

"To ku rubuta hakan mana, ɗiyata. Ni abin da ag ga takarda shi nika bi."

Malamai uku sun karanta takardar nan kafin ita, babu wadda ta ga giɓin, domin dukanmu mun san abin da ake juyawa. A ƙasashen da aka ɗauki abin da gaske, akwai masu duba lissafin tsari da masu saƙa shi don gwaji kafin a buga. Mu ɗalibai muke da su cike da aji, gwajin ba zai ci mana ko dala ba. A sa bahaguwa ma a cikin masu gwadawa.

Babbar hujjar masu adawa da wannan ra'ayi ita ce karatu, kuma hujja ce mai nauyi. Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, mata kuma sun fi maza nisa da shi, balle a karkara. Wa za a rubuta wa? Amsata ita ce a dubi matan da kyau. Wadda ba ta iya haɗa baƙi ba tana buga lambar waya, tana gane adadin kuɗin da aka turo mata, tana riƙe lissafin adashin mutum ashirin. Takardar da ta dogara da adadi da zane ta riga ta buɗe mata rabin ƙofa. Sauran rabin, akwai ɗiyarta ƴar lakwal da za ta karanta mata sau ɗaya ta riƙe. Akwai kuma ɗimbin matan da ke karanta ajami, kuma babu abin da ya hana a buga bayan shafin da shi. Wani abin da masu yaƙi da jahilci suka daɗe suna kuka da shi shi ne mace ta gama aji ta koma gida babu abin karantawa, karatun ya zube. Takardar da za ta kawo mata jika biyu ko uku a mako, kullum za ta buɗe ta.

Wasu kuma suna cewa gani ya kori ji, ga bidiyo a YouTube da WhatsApp, me za a yi da takarda? Bidiyo yana da amfani wajen nuna yadda yatsa ke juya zare, ni ma ina tura wa ɗalibaina. Amma yana cin kuɗin intanet, yana buƙatar caji, kuma wayar sau da yawa ta maigida ce. Hannu biyu suna kan tsinke, da wanne za a riƙa mayar da bidiyo baya don neman zagaye na 23? Takarda tana zaune a buɗe, a sa mata alama da fensir, a naɗe a sa cikin jakar zare.

Abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne ɓoyo. Gwanaye da yawa ba sa son rubutawa domin sirrin shi ne jarinsu. Ban ga laifinsu ba. Macen da ta shekara ashirin tana gyara wani ado har ya zama nata, idan ta rubuta yau, gobe an buga shi ɗari a fotokofi, babu sunanta babu ladanta. Idan muna son su buɗe hannu, sai a biya su. Duk shirin tallafi da ke da kasafin kekuna da lemun ranar yaye ɗalibai yana iya ware kaso don sayen tsari daga gwanaye, a buga sunan mai shi a kai, ta yarda a yaɗa. A kasuwar baje kolin mata ta SAFEM a Yamai ana ba da kyauta ga kayan da suka fi kyau. Ina so in ga ranar da za a ba da kyauta ga takardar da baƙuwa ta bi a gaban alƙalai ta fitar da abin daidai. Masu tsoron cewa takarda za ta kashe basira su kwantar da hankali, wadda ta san dalilin ido 72 ita ce ke iya mayar da su 80 ta sa adonta.

Akwai aikin da mace ɗaya ba za ta iya ba, shi ne daidaita kalmomi. Abin da nake kira ido, wata malamar a Maraɗi ko Damagaram da wani suna take kiransa, wata da Faransanci ma. Idan kowa ta rubuta da nata, mun sake gina ruɗanin da ke tsakanin Amurka da Ingila. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun harsunanmu, cibiyar INDRAP, ta gwamnati mai tsara kayan koyarwa, ta daɗe tana buga littattafan lissafi da karatu da su, kuma kundin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen ƙasa ya kamata a iya koyon sana'a da shi a rubuce. Zama ɗaya ake buƙata: malaman saƙa da ɗinki daga jihohi, da majalisar masu sana'ar hannu, da masana harshe biyu ko uku, amma masu tsinke su ne za su yi magana, masana su rubuta. Kalmomin ba za su wuce shafi biyu ba. Zanen da adadin kuma ba su da ƙabila, da zarar an gama na Hausa, sauya rubutun zuwa Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci aikin ƴan kwanaki ne.

Idan aka tambaye ni da me za a fara, zan ce da hular jariri. Jariri yana asarar ɗumi da yawa ta kai, saboda kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, kuma wanda aka haifa ƙasa da kilo 2 da rabi sanyi yana iya yi masa illar da ba a zata ba. Dabarar ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wadda aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, da hula take tafiya. Ungozomomi da likitocin yara su ba mu awon kai kala uku, na bakwaini, na ƙaramin jariri, da na wanda ya cika. Mu rubuta shafi ɗaya gaba da baya, boko a gaba ajami a baya, babu igiya doguwa babu maɓalli da yaro zai haɗiye, a gwada shi a hannun sababbin ɗalibai a Tawa da Yamai kafin a buga. A gama shi cikin damina, a raba wa cibiyoyi da ɗakunan haihuwa a watan Oktoba, kafin ƴan kasuwa su sauke zare.